Kunun Gyaɗa a Bututun Kamfani

Ba zan taɓa mantawa da azumin da kunun gyaɗa ya kusa raba ni da aikina a Doha ba. Ko na so in manta ma mutanena ba za su bari ba, don har yau in na shiga taron suna sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga Injiniya Kunu nan!" Kuma wallahi har gobe abin yana ɓata mini rai, domin ba ni kaɗai ke da laifi ba.

Aikina shi ne lissafin gudun ruwa a cikin bututu. Akwai ƙa'idojin lissafi da ke bayyana yadda duk wani abu mai gudana yake tafiya, ruwa ne ko mai ko iska. Ba mai iya warware su da biro da takarda in aikin ya yi girma, sai dai kwamfuta ta yanyanka bututun gunduwa-gunduwa ta lissafa kowane yanki. Kai naka shi ne ka faɗa mata gaskiya: faɗin bututu, ƙarfin famfo, da kaurin abin da ke gudana. In ka ba ta ƙarya za ta karɓa hannu bibbiyu, ta mayar maka da ita cikin launuka masu kyau.

A lokacin kwantiragina na dab da ƙarewa, kuma sai an sabunta shi zan iya nema wa iyalina biza. Maman Amira tana Zariya, kullum tambayarta ɗaya: "Baban Amira, yaushe?" Sai mudir, wato shugaban sashenmu, ya ce in duba sabon bututun ruwan teku da abokin aikina Ramesh ya zana, in gabatar da sakamakon a gaban kwamiti. Na san daga wannan zaman za a yanke shawara a kaina.

Ana gab da zaman, Dakta Nasiru ya gayyace mu, mu 'yan gida, shan ruwa a gidansa a unguwar Bin Mahmud. Likitan yara ne, mutumin kirki, amma in ya kama gardama sai dai ka gaji ka bar masa. Matarsa ta dama kunun gyaɗa, aka zuba a sabuwar filas mai famfo. Aka kira sallah, Dakta ya danna kan filas, ta yi tari ta ɗiga ɗigo biyu ta yi shiru.

"Filas ɗin nan ta lalace," in ji shi. "Gobe zan mayar musu da abarsu kasuwar Asian Town."

Na ce, "Likita, lafiyarta ƙalau. Don shayi aka yi ta, kunun ne ya yi mata kauri."

"Kai dai Injiniya komai sai ka jawo lissafi. Ni da na saya ban san kayana ba?"

Aka kwashe da dariya. Jama'a, ku ji fa! Mutumin da ya wuni yana leƙa maƙogwaron yara shi zai koya mini gudun ruwa? (Na sani, da mai hankali ne da ya buɗe murfi ya zuba da ludayi. To, mai azumi ne ya ji an taɓa sana'arsa.)

Washegari ina isa ofis na zana bututun filas a kwamfuta. Don in rage wa kaina wahala sai na ari fayil ɗin aikin kamfani, na cire ruwan teku na sa kaurin kunu, har suna na raɗa masa. Sakamako ya fito yadda na faɗa: kunu ba zai wuce ba. Na ɗauki hoto na tura zaurenmu na waya. Amsar Dakta Nasiru kaf ita ce, "Hmm." Ko "ka yi gaskiya" bai iya cewa ba.

Cikin wannan haushin na mayar da bututun Ramesh na sa kwamfuta ta yi lissafi. Hoto ya fito jawur, alamar famfunan ba za su iya tura ruwan ba. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai murna ta kama ni. Na ce yau na kama babban kuskure, kwamiti zai san ba a banza ake biyana ba.

Ranar zaman na miƙe da kwat ɗina na nuna musu jan hoton. Na ce ruwan ko rabin hanya ba zai kai ba, kuma ina mamakin yadda aka bar wannan zane ya iso nan. Ramesh ya zaro ido ya ce, "Ba zai yiwu ba, na duba sau da yawa." Na dube shi na ce, "Lissafi ba ya son kai." Da bakina na faɗa, a gaban kowa.

Mudir ya gyara tabarau ya ce in buɗe shafin da ke nuna abin da ke gudana a bututun. Na danna. Ga shi nan a allo, da manyan baƙaƙe: KUNUN GYADA.

Mudir ya karanta a hankali, "Ku-nun... wane sinadari ne wannan?"

Na buɗe baki zan ce sunan gwaji ne kawai. Ashe na manta da Baba Isa, jami'in kiyaye haɗurra, mutumin zangon Kumasi, yana zaune a ƙarshen tebur. Wa ya tambaye shi? Ba kowa! Amma ya ɗaga hannu ya ce, "Mudir, ba sinadari ba ne. Kokon mutanen Najeriya ne, da gyaɗa ake yi. Akwai daɗi ƙwarai, balle da ƙosai."

Ɗan'uwanka Bahaushe ke nan a ƙasar mutane. Sai wani ya kasa riƙewa ya fashe da dariya, sauran suka bi. Ramesh bai yi dariya ba, cewa kawai ya yi, "Ban zana bututuna don abincin buɗa-baki ba." Mudir ya rufe takardunsa ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da aka mayar da ruwan teku, zanen Ramesh ya fito ba aibu. Na ba shi haƙuri a gaban kwamitin, inda na ci masa fuska. Ba a kore ni ba, amma 'yan watanni na gwaji aka ƙara mini, batun biza ya koma sai abin da hali ya yi. Da na faɗa wa Maman Amira sai ta ce, "Ni da yara muna nan mun ɗaure kaya, kai kana can kana auna kaurin kunu?" Amira kuwa an riga an ɗinka mata kayan sallar da za ta sa a Doha, a Zariya ta sa su. Wannan ya fi dariyar kwamiti yi mini ciwo.

Shi kuwa Dakta Nasiru sai da ya mayar da filas ɗin. Aka ba shi sabuwa, ita ma ta toshe, ya ce ai duk kamfani ɗaya ne ya yi su.

Daga baya an sabunta kwantiragin, iyali suka iso. Safiyar farko Maman Amira ta ajiye mini kofin kunu ta ce, "Injiniya, a duba mana, zai wuce ta bututu?" Na ɗauka na shanye. Tun daga nan, in aka fara gardama a kan abinci, ludayi nake nema in bar kwamfuta ta huta.