Sallamar da na yi a kan keken Anas

Ba zan taɓa mantawa ba da wata safiyar Asabar a Khaibar, ranar da na yi sallamar da ban ƙarasa ba. Har yau idan sanyi ya shigo Madina, kafaɗata ta hagu takan tuna mini, ko da ni na so in manta.

Bari in faro daga tushe, don ni ban iya labari da gaggawa ba. Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja, ya yi shekara da shekaru a hanya kafin ya ga Ka'aba. Ni a nan Madina aka haife ni, mahaifina ya zaunar da ni ya koya mini karatu da rubutun ajami, kuma yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ina kula da wata gonar dabino a unguwar Awali. Duk tsawon shekarun nan a kan keke ɗaya nake zuwa nake komawa. Baƙi ne, na ƙarfe, mai kwando a gaba. Birkinsa na dama ya daɗe da rasuwa. Na hagu, wanda yake kama tayar baya, yana nan da sauran numfashi, amma sai ka matse shi da yatsu huɗu tun daga nesa, sannan ka taimaka masa da takalmi.

Ina da wata al'ada kuma, wadda na gada wurin mahaifina. Ba na wuce mutum ban yi masa sallama ba. Idan ina kan keke, hannun dama ya tashi sama, na hagu ya danne birki iya ƙarfinsa don in rage gudu, bakina ya yi sallama. Na yi haka har jikina ya daina neman izinina. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Autana Anas shekararsa ashirin da uku, yana aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal kusa da Harami. Yana jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa, kamar sauran sa'o'insa. Shi ne ya kamu da son tseren keken duwatsu. Wata rana bayan la'asar, muna shan gahawa da abokina Adam, mutumin Chadi mai gyaran injin ban-ruwa, sai Anas ya zo ya durƙusa. Ya ce wata ƙungiyar 'yan tsere a Turai ta yarda ya je ya yi shekara guda yana horo tare da su. Zai ajiye aikinsa. Ya ce takardu duk sun kammala, yardata kaɗai ta rage, kuma ba zai taka jirgi ba sai da ita.

Na ajiye finjalina na ce, "Ka bar aiki a maƙwabtan Manzon Allah, ka tafi koyon keke? Keken da na koya maka a tsakar gidan nan cikin kwana biyu?"

"Ya abuya, ba irin wannan ba ne." (Da Larabci yake magana, ni nake mayar muku da ita Hausa.) Ya ciro wayarsa ya nuna mana. Na ga mutane cikin matsattsun kaya suna zagaya wani daji, suna hawa tudu, suna gangarowa ta kan duwatsun da aka jera da gangan. Ya ce tseren kamar awa ɗaya da rabi ne, ana ta maimaita zagaye guda. Ya shiga yi mana bayani da zumuɗi. Wai mutanen Suwizalan a hawan tudu kamar a can aka yanke musu cibiya, Faransawa kuma a gangara ba su san tsoro ba, 'yan Afirka ta Kudu su ne masu jure zafi da ƙura. Adam ya tambaye shi, "To kai fa, ina kake a cikinsu?"

Anas ya sunkuyar da kai. Ya ce a nan gida yana cikin na gaba-gaba. Amma da a ce yau zai shiga cikin waɗancan, cire shi za a yi kafin a gama, domin akwai doka, duk wanda aka bari a baya da nisa sai a tsayar da shi don kada ya tare wa na gaba hanya.

Na yi dariya har da tafa hannu. Na ce, "Awa ɗaya da rabi! Mu jikokin waɗanda suka taka daga Haɗeja zuwa Makka ne. Ni da kake gani, da furfurata, zan zagaya wannan hanyar taku. Idan na zagaya, magana ta ƙare, ka koma otal ɗinka. Idan na kasa, ka tafi da yardata."

Da na tsaya a nan, da da sauƙi. Sai na ɗauko littafin da nake rubuta ranakun ban-ruwa da barbarar dabino, na buɗe shafin ƙarshe, na rubuta sharaɗin da ajami, na sa Adam ya zama shaida. Hajiya, uwar Anas, tana bayan labule tana jin mu. Ta ce, "Malam, kowa ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi." Na ce mata mata ba su san keke ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka kama hanyar Khaibar a motar Adam, domin a can Anas da abokansa suke horo, a bakin harra, wato filin baƙaƙen duwatsun nan da wuta ta amayar tun zamanin da. Na so mu ɗora kekena a baya, Anas ya rantse cewa ba zai bari ba, ya ce zan hau nasa. Muka isa hantsi bai yi ba. Akwai gonakin dabino a ƙasa, sai wata 'yar hanyar ƙasa da ta gangara ta bi gefensu, can gaba kuma tuddai baƙaƙe ƙirin da aka kewaye da igiyoyi masu launi.

A gindin wata mota na ga wani Bature siriri, kansa fari fat da furfura, ya tsuguna yana shafa wa sarƙar keke mai. Na ce a raina wannan shi ne mai facinsu. Na ba shi dabinon ajwa cike da tafin hannu, na ce Anas ya gaya masa Allah ya yi wa sana'a albarka. Anas ya yi wani irin murmushi, ya ce Bafaranshe ne, shi ne mai horar da su, kuma yanzu za su yi zagaye biyu tare in gani.

Jama'a, na gani. Anas ɗana ne, na san ƙarfinsa, yakan ɗauki buhun taki biyu a kafaɗa. Ya tashi da gudu kamar an harba shi, ya haye tudun farko yana haki. Dattijon nan yana gefensa yana yi masa magana. Magana! Kamar suna zaune a majalisa. Da suka iso wata gangara da ni ko da ƙafa ba zan bi ta ba sai da sanda, sai Baturen ya saki keke ya zubo ta kan duwatsu, taya tana taɓa ƙasa tana tashi, na ji bakina yana cewa innalillahi ban sani ba. Ya gama zagaye na biyu, ya sauka, ya ci dabinona uku, ya sha ruwa, sannan Anas ya ɓullo, fuskarsa kamar an wanke da toka.

Na ce a tambaye shi ko shi ne zakaran duniya. Da Anas ya fassara masa, sai ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce ya bar tsere da daɗewa, kuma ko a ƙuruciyarsa bai taɓa hawa dandamalin waɗanda suka yi nasara a babbar gasa ba. Ya ce na gaba-gaban, bayansu kawai yake gani a farkon tsere, daga nan sai a wurin cin abinci. Na tsaya baki buɗe. Ashe gaba da gabanta. Wanda ya bar ɗana a baya har ya ci dabino, shi ma wasu ne suke barinsa haka.

Mai hankali a nan zai ce a kawo littafi ya janye maganarsa. Ni kuwa Shaiɗan ya raɗa mini cewa ai mutumin nan furfura gare shi kamar ni, kuma bai fi rabina a jiki ba. Ga Adam yana kallona, ga samari kusan goma sun taru sun ji cewa baban Anas zai gwada. Na ce a kawo keke.

Da na ɗaga shi sai da gabana ya faɗi, domin tukunyar shayinmu ta fi shi nauyi. Na naɗe tobina, wato doguwar rigata, na ɗaure a ƙugu, farin wandona a waje. Suka kifa mini hular kwano a kan hulata. Anas ya riƙe kan keken, ya matso kusa da kunnena, kuma a ranar ne na ji ya yi mini Hausa tsantsa don tsananin damuwa: "Baba, birkin nan da yatsa ɗaya ake taɓa shi. Ɗaya. Na hagu na tayar gaba ne, kada ka..."

Na ce, "Kai, sakar mini. Tun ba a haife ka ba nake kama birki."

Na yi bismillah na taka. Wallahi daɗin da na ji a farkon nan ba zan ɓoye shi ba. Keken yana tafiya kamar yana karanta zuciyata, ramuka suna wucewa a ƙarƙashina ban ji su ba. Hanyar ta fara gangarawa ta gefen gonakin, iska tana kaɗa mini gemu, na fara shirya irin jawabin da zan yi wa Hajiya. Sai ga wasu manoma uku zaune a bakin magudanar ruwa suna karin kumallo. Suka ɗago suna kallona.

Kun tuna al'adar nan tawa? Hannun dama ya tashi sama. Na hagu ya danne birki da yatsu huɗu, da ƙarfin shekara talatin. Bakina ya ce, "Assalamu alai..."

Keken ya tsaya. Ni ban tsaya ba.

Ban taɓa sanin akwai abin hawa a duniya da ake ce masa tsaya ya tsaya nan take ba. Na ga tayar gaba a ƙarƙashina, na ga ganyen dabino, na ga sama, na sake ganin ganyen dabino, hannuna na dama yana nan a ɗage yana gaisuwa. Sai na ji ni tsamo-tsamo cikin taɓon magudana, tobina ya kwance ya rufe mini kai, takalmi ɗaya ya tafi abinsa. Can sai na ji muryar babban cikin manoman, a hankali, cikin ladabi: "Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ya Hajji." (Allah ya saka masa, bai bar sallamata ta tafi a banza ba.)

Anas ne ya fara isowa, ya yaye mini tobi daga fuska. Da ya tabbatar ina motsi kuma ina salati, sai na ga yana danne dariya. Adam kuwa bai ko yi ƙoƙarin ɓoyewa ba, ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Na tattara sauran mutuncina na tambayi Anas, "Nawa ya rage in gama zagayen?"

Ya dubi Adam, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ya abuya, ba ka iso farkon hanyar ba tukuna. Wannan ta zuwa wurin ajiye motoci ce."

Bafaranshen ya duba kafaɗata, ya ce ba karaya, gocewa ce kaɗan. Ya ƙara da wata magana da Anas ya ƙi fassarawa sai da na matsa. Wai a duk shekarunsa ya ga faɗuwa iri-iri, amma bai taɓa ganin wanda ya tashi sama yana gaida jama'a ba.

Muka dawo gida hannuna rataye a wuya. Hajiya ta buɗe ƙofa, ta dube ni tun daga hula har ƙafar da ba takalmi. Ta shiga ciki ta fito da littafin, ta buɗe shafin ƙarshe, ta ajiye mini alƙalami a kai. Na zauna na rubuta a ƙarƙashin sharaɗin cewa na kasa, kuma na yarda Anas ya tafi, Allah ya tsare shi ya riƙa masa. Ya yage shafin da izinina ya ninke ya sa a aljihu, duk da cewa sai an karanta masa, don bai iya ajami ba.

Bayan wata huɗu ya kira ni daga can, muryarsa a sanyaye. Ya shiga tserensa na farko da manyan, kuma kamar yadda ya faɗa tun farko, an cire shi saura zagaye biyu. Na san jira yake in ce ai na gaya maka. Na ce, "Anas, ka iso farkon hanyar?" Ya ce ya iso. Na ce, "Ka wuce wurin ajiye motoci?" Sai ya fashe da dariya. Na ce, "To ka fi ubanka. Koma ka ci gaba."

Ni dai abin da na koya shi ne, sana'ar da ban hau ba na daina yi mata hukunci daga kan tabarma. Na koma kan tsohon kekena, kuma har gobe ba na wuce kowa ban yi sallama ba. Sai dai yanzu nakan tsaya cak, in sauke ƙafa biyu a ƙasa, sannan in ɗaga hannu. Mutanen Awali suna cewa Malam ya ƙara tawali'u, ni kuma ban gyara musu ba.