Yadda Za Ka Samu Lokacin Iyali da Hikimar Japan Ba Tare da Ka Koma Gida Ba

Na karanta rabin wani littafi kan hikimar mutanen Japan, saboda haka kwantar da hankalinka, ka zo wurin gwani. Na san matsalarka: ka saya wa 'yarka Auta keke, ka yi alkawarin koya mata, aiki ya hana. Bi matakan nan, tabbas za ka ga canji.

1. Nemo dalilin tashinka

Su suna ce masa ikigai, wato abin da ke tashin mutum da safe. Naka dai kiran Oga ne, amma kada ka faɗa. Akwai taron bita kan batun ranar Asabar, ranar da ka ba Auta. Je ka. Ilimi gaba yake da keke.

2. Gyara kaɗan-kaɗan

Sunansa kaizen. Kada ka bar ofis gaba ɗaya, jiki zai firgita. Yau ka miƙe da wuri ka tsaya a bakin ƙofa. Gobe ka leƙa matakala ka dawo. Sannu ba ta hana zuwa, ragowar maganar kuma ba ruwanmu da ita.

3. Ga kyau a cikin tsufa

Wabi-sabi ke nan. Matarka za ta ce, "Baban Auta, keken nan fa ya fara tsatsa a bayan ƙofa."

Ka lumshe ido ka ce, "Ai yanzu ya yi kyau."

Idan ta yi tsaki, ka tausaya mata, ba ta je bita ba.

4. Wankan daji

Ana so ka zauna cikin bishiyoyi ka kashe waya. Tunda babu daji, sayi fulawar roba ka ajiye kusa da kwamfuta. Layin gida za ka kashe, na Oga ka bar shi.

5. Koma gida

Yanzu ka nuna, ka zama gwani. Shigo layinku da rana tsaka, hannu a buɗe. Wata yarinya za ta taho a guje bisa keke, filasta a gwiwa, tana danna ƙararrawa.

"Baba, matsa!"

"Auta! Wa ya koya miki?"

"Mama. Ta ce kana Japan."

Za ka bi ta da kallo har ta sha kwana, kana jin wani abu a ranka. Ban san sunansa da Japananci ba, wataƙila yana cikin rabin da ban karanta ba.

Gargaɗi: duk abin da ya biyo baya, ba ni, ba Japan. Kuma kada ka zo neman mataki na shida. Sau ɗaya yarinya take koyon keke.