Hular Yaya Nuhu

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin man kaɗanya da kanumfari ba. Ko yanzu na ji shi a jikin wani cikin kasuwar Illela, sai in koma yarinyar nan da ke tsaye a ƙofar shagon ɗinki riƙe da hular da ba tata ba.

Yaya Nuhu ɗan Goggona ne, wato taubashina, tela ne a bakin tasha. Shi kaɗai na sani a unguwarmu namiji mai tara suma. Ta ƙarƙashin hularsa take saukowa har ƙeya, baƙa wuluk, tana sheƙin mai. Dattawa sun yi faɗa har sun gaji, abokansa na kiransa ɗan Fulanin garin Araba, shi dai murmushi. Hular kuwa ba ya cire ta, ko shafar kai a alwala sai ya juya wa mutane baya. Kullum da safe yakan durƙusa gaban Goggo, wadda idanunta suka mutu tun bayan rasuwar mijinta, ta lalubo ƙeyarsa ta shafa sumar, ta ce, "Allah shi yi maka albarka, yarona."

Ni kuwa lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare, waƙa ta shiga kaina. Na yanke wa kaina hukunci cewa duk mai suma haka lallai akwai wani sirri mai daɗi a ransa. Har baiti na yi mata, na kira ta dare marar wata. (Kada ku tambaye ni sauran baitin, na roƙi Allah Ya mantar da ni, bai karɓa ba tukuna.) Burina ɗaya: in ga sumar nan gaba ɗayanta.

Sai ga cika-ciki ya zo. Kun san yadda taubasai ke bin juna washegari da neman kuɗin shara, a ƙwace wa mutum takalmi ko gyale sai ya fansa. Na ce to, ga ranata. Na same shi bayan La'asar a kan keken ɗinki, benci cike da mutane, har da wani dattijo mai sayar da albasa da ake kira Baba Ila.

"Bawana, ina sharata?" na ce.

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ke da ba ki iya dama fura ba, wa za shi zama bawanki? Tafi ki dawo baɗi."

Aka yi dariya. Dariyar ce ta ƙara mini ƙarfi. Na zagaya ta bayansa, na ɗaga murya yadda kowa zai ji (har da ɗaga hannu sama, ni ga mai waƙa), na ce, "Yau sai duniya ta ga daren da kake ɓoyewa!" Na fizge hular.

Keken ɗinkin ya tsaya.

Babu dare. Tsakiyar kansa sanƙo ne fes, daga goshi har bayan kai. Dogayen silallan gefe ya tattaro ya naɗe a kai, ya danne da mai, yanzu sun warware sun zubo a kan kunnensa ɗaya kamar jiƙaƙƙen zare. Na duba cikin hular, gashi ne manne da ita ko'ina.

Baba Ila ne ya fara magana. "Ɗiyata, dare kika ce? Wanga ai farin wata na, ɗan sha huɗu!"

Benci ya ɗauki dariya. Wani har da buga ƙafa. Ni kuma, da hankalina ya ce in gyara ɓarna, sai na kai hannu in mayar masa da hular. Na kifa ta a karkace, silallan suka leƙo ta gaba suka rufe masa ido. Dariyar ta ninku.

Bai yi mini tsawa ba. Da ma ya yi. Ya gyara hularsa a hankali, ya jawo aljihun keken, ya ɗauko tsabar sefa, kuɗin Nijar, ya sa mini a tafin hannu.

"Ga shararki, ƙanwata. Kin gani, ko? To tafi gida."

Washegari ya je wurin wanzami aka yi masa ƙwalƙwal. Ina tsakar gidansu lokacin da ya durƙusa gaida Goggo. Hannunta ya je ƙeya bai sami komai ba. Ya yi ta yawo a kan, ya daɗe, sannan ta ce a hankali, "Kan Malam." Mijinta take nufi. Ta juya fuska bango. Ranar ba ta ci abinci ba.

Tun daga nan na koyi barin hular kowa a inda na same ta, kuma in baiti ya zo mini a gaban jama'a, nakan haɗiye shi da ruwa.

Yaya Nuhu bai sake tara suma ba, bai kuma taɓa tayar mini da zancen ba. Sai bayan shekaru, ranar addu'ar ukun Goggo, ƙanwarsa Hajara ta gaya mini muna wankin kwanuka. Don Goggo ya tara sumar. Sanƙon irin na mahaifinsu ne sak, ba ya son hannunta ya taɓa shi ya tuna mata.

Na ce, "Ashe ni na tona mata."

Hajara ta girgiza kai. "Mi kika tona? Inna ta sani tun farko. Ita ka kakkaɓe mishi matashin kai, tana jin gashin a yatsunta. Da gangan take tsai da hannunta a ƙeya."