Jar Fitila a Gaban Kafinta

"Lafiya lau, ya kasuwa? Na zo ne in duba... Au! Kaka? Me ya kawo ka nan?"

Jikar ta tsaya baki buɗe. Daga asibitin da take aikin nas ta biyo ta shagon kayan lantarki, ko farar rigar ba ta cire ba, don likita ya ce ta nemi na'urar tace iska saboda 'yarta Mitsila, mai shekara biyu, da tari ya matsa wa. Sai ga kakanta, tsohon kafinta, durƙushe a gaban wata farar na'ura mai kama da ƙaramin firji, fensir a bayan kunne, ya kafa hanci a ramukanta yana shinshinawa.

"Mai shago, rufe damtsenka," in ji tsohon, ko ɗagowa bai yi ba. "Ga mai allura ta shigo."

"Ni dai tambayarka na yi. Mutumin da ke marin rediyo in ta ƙi magana, me ya haɗa shi da kayan zamani?"

"Kuma in ta sha marin tana magana. Ke kuwa ba mari ba komai, tun da aka haife ki ba ki yi shiru ba."

"Saya za ka yi?"

"Kallo nake. An hana saurayi kallo ne?"

"Saurayi! Haƙora nawa suka rage?"

"Huɗu, kuma kowanne yana bakin aiki. Naki talatin da biyu me suka tsinana ban da gulma?"

Mai shagon ya ƙunshe dariya ya ce, "Malama, tun da hantsi Baba yake nan. Na'ura uku ya sa na buɗe masa."

"To ba dole ba?" in ji tsohon. "An ce min akwati ne mai shan ƙura. Na ce to in ya sha, ina yake kai ta? Ciki gare shi? Zagayawa yake yi in mutane sun yi barci?"

"Wayyo, Kaka, za ka ba ni kunya a gari."

"Ke da kika yi boko, faɗa min. Ina take zuwa?"

Ta leƙa na'urar. "Tana... shiga ciki."

"Ka ji likitar! Tana shiga ciki. Zo ki durƙusa a koya miki."

Ta durƙusa kusa da shi. Ya ɓalle murfin baya da babban yatsa kamar shi ya ƙera na'urar, ya zaro wani farin abu mai ninki-ninki.

"Wannan fankar ke jan iska. Wannan kuma shi ne filta, nan ƙurar ke maƙalewa. Kin san dalilin da ya sa aka ninke shi haka?"

"Don ya yi kama da goshinka."

"Don a cusa faɗi mai yawa a ɗan ƙaramin wuri. Da za a warware shi, ya rufe tebur. Ni na gano da kaina, tambayi mai shago."

"Wannan baƙin fa?" Ta sa hannu ta taɓa.

"Gawayi ne, Malama," in ji mai shagon. "Shi ke kama wari da hayaƙi."

"Gawayi!" Tsohon ya girgiza kai. "Wanda nake takawa a bayan kicin. An yi masa wanka an saka shi a kwali, yau shi ne babban mutum."

"A sa wa Kaka biyu, saboda takalmansa."

"A sa mata huɗu, saboda girkinta. Mijinta har gida ya zo yana min kuka."

"Ƙarya! To in filtan ya cika, a wanke shi?"

"Ba a wanke wannan," in ji mai shagon. "Canzawa ake, bayan wata shida ko fiye, ya danganta da ƙurar gida. Shi ya sa nake ce wa mutane su zaɓi wadda ake samun filtanta. Amma kafin komai, yaya girman ɗakin? Ƙaramar na'ura a babban ɗaki ƙara kawai za ta yi muku."

Jikar ta buɗe hannuwa. "Ɗaki dai... daidai misali."

"Daidai misali!" Tsohon ya tafa. "Haka kike auna wa mutane magani? Allah ya tsare mu." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani guntun katako da aka yi wa rubutu da fensir. "Ga yadda masu hankali ke yi. Ƙafa goma sha huɗu, da goma sha biyu, tsayi tara."

Ta fizge katakon. A ƙarƙashin lambobin an zana ɗaki, taga ɗaya, ƙofa a kusurwa. Ta san ɗakin nan, a cikinsa ta koyi tafiya.

"Kaka, ai wannan falonka ne. Kai da ka ce kallo kake? Kai da kake cika baki shekara hamsin kana shaƙar garin katako ko atishawa ba ka taɓa yi ba?"

"Kuma ban yi ba. Huhuna da icen kirya aka yi shi."

"To wa za a tace wa iskar?"

Tsohon ya mayar da filtan, ya daɗe yana daidaita murfin da ya riga ya zauna.

"Wata biyu," ya ce. "Wata biyu ba ki kawo min Mitsila ba."

Jikar ta tuna. Ranar ƙarshe da ta kai yarinyar gidansa, daga can suka wuce asibiti, ƙirjinta na fito. Shi ya riƙe musu ƙofar mota.

"Na naɗe kafet," ya ci gaba. "Zarto da teburin aiki na mayar da su can ƙarshen tsakar gida. Kyanwar ma na kai wa maƙwabci, kullum tana kan katanga tana hararata."

"Kafet ɗin da marigayiya matarka ta saya?"

"Shi. Dama launinsa bai taɓa yi min ba, tsoronta ne ya hana ni faɗa." Ya share ido da bayan hannu. "Mai shago, kunna waccan ta tsakiya in ji muryarta. Yarinyar na barcin rana, ba na son abin da zai yi mata surutu irin na uwarta."

Aka kunna. Wata 'yar fitila ta kama a goshin na'urar, kore shar. Tsohon ya manna kunne.

"Kai! Numfashi take kamar jariri. Wannan fitilar fa?"

"Hancinta ke nan, Baba. Kore, iska mai kyau. In ta ji ƙura sai ta koma ja, ta ƙara gudu da kanta."

"Hanci! Har da hanci? Allah mai iko." Don jin daɗi ya cire hularsa ya buga a gwiwa.

Fitilar ta koma ja wur. Fankar ta ɗauki gurnani.

Jikar ta dafa kanta tana dariya har da hawaye. "Ashe kai ne ƙurar! Mai shago, ba ka da babba wadda za a saka mutum a ciki?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. Ya dubi hular, ya dubi rigarsa, ya ga garin katako a kowane ɗinki.

"Ke nan ko na saya, in na ɗauki Mitsila..."

Dariyar ta tsaya mata. "A'a, Kaka. Wanka ne kawai, da riga daban ta cikin gida. Kayan aiki su tsaya a waje. Shi ke nan, wallahi."

"Shi ke nan?"

"Sai dai wankan ne ban san ko za ka iya ba. Yaushe rabonka?"

"Ranar aurenki, don in kore wa angon tsoro. Tsaya ki gani."

Ya fita bakin titi, ya kakkaɓe riga, ya bubbuga hula a jikin bango, ya wanke fuska da ruwan buta. Ya dawo ya ƙame a gaban na'urar kamar soja, har numfashi ya riƙe. Su ukun suka zuba wa fitilar ido. Ja. Ruwan ɗorawa. Sai kore.

"Ta shaide ni!" ya ce. "To malamar tsafta, bismilla. Zo ki kaɗa mayafinki mu ga naki sakamakon."

"Ni? Daga asibiti nake, Kaka. Ko ƙuda ba ya sauka a kaina sai ya wanke ƙafa."

Ta matso da yanga, ta kama gefen mayafin ta kaɗa sau biyu. Hodar da ta shafa tun safe ta tashi.

Ja wur.

Mai shagon ya shige bayan kanta yana riƙe ciki. Tsohon ya cire fensir daga kunne, ya juya guntun katakon, ya fara rubutu a tsanake.

"Me kake rubutawa?"

"Kwanan wata. Saboda jikokinki."

Ta rufe fuska da mayafin tana dariya. "Na sallama, tsoho, ka ci. Mai shago, irin wannan guda biyu, ka ƙara masa filta ɗaya daga wajena. Kaka, ranar Asabar zan kawo maka Mitsila."

"Ki kawo ta da wuri," in ji shi, ya rungumi kwalin ya hana kowa taɓawa. "Ita ta shigo. Ke ki tsaya a bakin ƙofa, sai na'ura ta ba ki izini."