Wankan Motar Baba

Kwana uku da rasuwar Baba muka buɗe akwatinsa a gidanmu na Tandabawi, muka tarar da 'yar motar gwangwani da yake ɓoyo tun yarinta, kwaikwayon wadda ta fi kowace mota gudu a zamaninta. Umma ta wana ta da makulli, motar ta ruga bakin ƙofa. Ranar Umma ta fara murmushi.

Na ce, "Ku kawo, ta yi ƙura. Ni da na girma ina wanke allo?" Na yi bisimilla, na wanke ta ciki da waje da ruwan Zamzam.

Cikin mako guda tsatsa ta cinye ta. Umma ta wana, shiru. Ta mayar da ita akwati, ba ta dube ni ba.

Har yau in na shigo, Yaya Habiba kan ce, "Ku ɓoye agogonku, ga mai wankan gawa."