Rasuwar Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Makara Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ba zan ɓoye ba, ni Armaya'u Tayyib nake sanar da jama'ar Batsari da Safana rasuwar kwamfutata, wadda ta cika ranar Laraba a ofishin kwamitin tsaron unguwarmu, a hannun dattawan da suka karɓe ta amana.

Marigayiya tsohuwa ce, 'yar gwanjo, murfinta a tsage, amma ba ta san nawa wajen aiki ba. A kanta na rubuta manhajar da ke karɓar murya da hoto daga wayar ɗan sintiri a kan dutsen Ruma, ta tace su, ta watsa wa lasifikokin ƙauyuka. Na yi watanni ina rage mata jinkiri, har ta kai mutum bai rufe baki ba an ji shi a ƙauyen Karare. In ya ce baburan 'yan bindiga sun fito daga daji, masu noma sun bar gona tun ƙugin injin bai iso ba.

Girmamawa ce ajalinta. Shugaban kwamiti, Malam Daudu, ya ga bai dace a bar abu mai daraja tsirara ba, ya sa aka lulluɓe mata jiki da bargo, aka ajiye mata furen roba. Na nuna masa ramukan da take numfashi ta cikinsu, ya kira ni mara kunyar ɗan boko. Sakatarensa Surajo kuwa ya gano tana nuna ƙwallo ba tsaiko, ya tara abokai. Fankarta ta yi ta kuka, fuuu, fuuu, suka ƙara sautin wasa. Daga nan ƙit, ƙit, sai ƙaurin ƙuna.

Ta rasu ta bar caja, da lasifikokin da suka zama bebaye, da manhaja marar masauki, da kuma kwamiti cikin ƙoshin lafiya, wanda tuni ya naɗa ƙaramin kwamiti ya binciko ko sammu aka yi mata. Dawa kuwa ta nuna, dole a shiga gona.

Za a binne ta gobe bayan la'asar a bayan shagon Haisam mai gyaran waya, wanda ya riga ya cire abin da zai ciru. Zaman makoki a ofishin kwamiti, inda dama ba a taɓa yin wani aiki ba sai zama.

Mutanen Ruma da Tsaskiya, an ɗauke muku zuwa gaisuwa. Ku yi zamanku a gida. In hanya ta ɓaci, yanzu babu mai gaya muku.