Sandar Hammanjoda Za Ta Koma Dutse

"Jam, jam, angona, sai alheri. To ina cefane? Ko yau ma hannu na dukan cinya ka zo?"

Haka Hapsatu ta tarbi jikanta Abdulrashid da hantsin Juma'a, tana zaune a tsakar gidanmu na Lamorde tana ɓarar gyaɗa. Ni goggonsa Dijatu ina gefe ina wanke-wanke, kuma da ganin yadda ya ɓoye hannu a baya na san da magana. Yaron ɗan sikawut ne. Gobe da safe za su hau duwatsun bayan Gella, malaminsu kuwa ya ce duk wanda ba shi da sandar da ya yi wa ado da wuƙarsa, to ya zauna gida. Tun farkon hutu yake fama da tasa, yatsunsa duk sun sha yanka.

"Cefanen me, tsohuwa? Matar da ba haƙori, wa zai yi asarar nama a kanta?"

"Haƙorana suna nan a ajiye, sai na samu miji na kirki zan fito da su. Me kake ɓoyewa?"

Ya fito da sandar a sanyaye. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ado dai ya yi ado: ga zanen mayo, wato kogi, yana zagaye ta, ga duwatsu, ga kan saniya, can sama kuma wata fuska. Amma ta lanƙwashe, ta tsage tun daga kai har tsakiya.

"La ila! Wannan sanda ne ko bakan maharba? Dijatu, nemo masa kibiya."

"Sabon yayi ne, ba ki waye ba."

"Wannan birin na sama fa?"

"Ke ce."

"Ni? Ni da samari suka yi ta faɗuwa a kasuwan Mubi saboda kallona?"

"Gudu suke yi, Maama, shi ya sa suke faɗuwa. Na ma rage miki muni, wuƙan ne ya gaji."

"Allah ya shirye ka. Ɗanye ka sassaƙa shi, ko?"

"Ba ku kuke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?"

"Ga shi kuwa ya tanƙwaru! Ina ka shanya shi?"

"Kan kwano, don ya bushe da wuri."

"Kan kwano! A ranan Mubi! Ko ni ka ɗora a can ai sai na tsage."

"Ke kin riga kin bushe, ba abin da zai same ki."

"Sauri dai ya haifi nawa. Kakanka in ya saro iccen dargaza, inuwan rumbu yake kwantar da shi har damina ya wuce. Ya gasa shi sama-sama a wuta, ya miƙar, ya yi ta shafa masa man shanu har ya yi baƙi. Kai kuwa ka soya naka kamar ƙosai."

Abdulrashid ya ɗaga kai. Idonsa na kan ƙofar ɗakinta, inda sandar kiwon marigayi mijinta, Baba Hammanjoda, take saƙale. Tun rasuwar Baba ba wanda ya isa ya taɓa sandar nan. Uban yaron ma ya roƙa, ta ce ya je ya saro tasa.

"Maama, tunda ni na gaji matar, ai sandan ma nawa ne."

"Kai! Ɗauke idonka. Sandan da ya kori kura bakwai a gindin dutse?"

"Bara kin ce uku."

"Sauran sun biyo baya. Kai da kyankyaso ya kora daga banɗaki?"

"Ba kora ta ya yi ba, hanya na ba shi. Mu sikawut muna da ladabi."

"Ladabin kura a gaban mai sanda! Je ka ari muciyana, ka zana mata fure."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya durƙusa a gefen tabarmarta.

"Maama, da gaske nake. Abokaina su Tizhe duk sun gama nasu. Na faɗa musu kakana ya yi kiwo a duwatsun nan, ya san kowane lungu. Gobe a tafi, jikan Hammanjoda ne kaɗai zai zauna gida?"

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar.

"Wuƙa kake so ka sa a jikin sandansa?"

"Kaɗan ne. In kin ce a'a, shi ke nan."

Ta dubi ƙofar. Sannan ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta zaro sandar da kanta, ta goge ƙurar da bakin zanenta. Baƙa wuluk, miƙaƙƙiya, sai wuri ɗaya daga sama da ya yi santsi ya ɗan lotsa, inda Baba ya shekara da shekaru yana riƙewa. Ni da nake 'yarsa sai da hawaye ya zo mini.

"Sandan da ba ya taka ƙasa, iccen wuta ne," in ji ta. "Ungo. Daga nan zuwa ƙasa, yi haukanka. Amma wurin hannunsa kar wuƙanka ya kusance shi."

Ya sa hannu a wurin, yatsunsa ba su gama zagaye ta ba.

"Ya yi mini girma."

"Ci tuwo, za ka cika shi. In kuma ka ɓace a dutse kar ka yi mini kuka, bi sandan, ya fi malaminku sanin hanya."

"Useko, na gode, amaryata. Fuskarki fa, in sake zanawa?"

Ta share ido, ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, ta fashe da dariya har dasashi a waje.

"Zana, ɗan banza. Amma ka sa mini haƙora."